Shin ya dace in sa furoksi a intanet ɗin gidana?

Abban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana cikinmu. Intanet ɗin gidana ta rauta ake raba shi, wayoyi da kwamfutoci da talabijin duk a kanta suke. Babban ɗana ya zo mini da wani jerin adireshi da lambobi da ya samo a wani shafi, ya ce furoksi ne na kyauta, wai idan muka sa ɗaya a kwamfuta sauri zai ƙaru, kuma babu wanda zai san shafukan da muke shiga. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne ƙananan yaran, ina so in iya toshe musu wasu shafuka. To furoksin nan zai yi duka ukun? Kuma akwai hatsari? Domin da kwamfutar nan nake shiga asusuna na banki.

Injiniya: Wa alaikumus salam Abban Yara. Kafin komai, don Allah kada a sa ko ɗaya daga cikin jerin nan a kwamfutar da kake shiga banki da ita. Sannan ga bayani.

Furoksi wata kwamfuta ce da ke tsayawa tsakaninka da shafin da kake nema. Ɗan aike ne: maimakon ka je da ƙafarka, sai ka ba shi saƙo ya kai, ya karɓo amsa ya kawo maka. Wanda aka kai wa saƙon fuskar ɗan aiken yake gani, wato adireshin IP na furoksin, ba na gidanka ba. Amma shi ɗan aiken ya san gidan da ya fito, ya san inda aka aike shi, kuma idan saƙon ba a rufe yake ba zai iya karantawa, har ya ƙara ko ya rage. Saboda haka tambayar farko a kullum ita ce: na wane ne? Waɗannan da ake jerawa a shafuka, da lambar ƙofa irin su 8080 da 3128 da 1080 a gefe, babu mai iya gaya maka mai su. Wasu kwamfutocin mutane ne da aka bar su a buɗe bisa kuskure, wasu an yi musu kutse ne mai su bai sani ba, wasu kuma da gangan aka girka su don a tara bayanan masu wucewa.

Buƙatunka uku ne, kuma kowace da maganinta daban. Sauri daban, sirri daban, tsaron yara daban. Furoksin kyauta ba ya warware ko ɗaya yadda ya kamata.

Ɗalibin Kwamfuta: Injiniya, da girmamawa, ina ganin an ɗan tsananta. Yanzu ai kusan kowane shafi HTTPS yake amfani da shi, wato tsarin da ke kulle saƙo tsakanin burauza da shafi, alƙaluman Google da kansu sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na shafukan da ake buɗewa a Chrome a rufe suke zuwa. Idan burauza za ta buɗe irin wannan shafin ta furoksi, umarnin CONNECT kawai take aika masa, ta ce haɗa ni da wane a ƙofa ta 443. Daga nan duk abin da ke wucewa a kulle yake, makullin yana tsakanin burauza da bankin. Mai furoksin ko ya naɗi komai, shara kawai zai gani. To ina kalmar sirrin Abba za ta fita?

Injiniya: Ƙanena, abin da ka faɗa game da CONNECT daidai ne, ban musa ba. Amma ka duba abin da ya rage a hannun mai furoksin. Ya san adireshin gidan Abba na gaskiya. Ya san sunan kowane shafi da aka nema, domin sunan yana cikin umarnin CONNECT ɗin a fili. Ya san lokacin da aka shiga, da daɗewar da aka yi, da yawan datar da ta wuce. Mutumin da ya san bankin da kake hulɗa da shi, da asibitin da kake buɗe shafinsa da tsakar dare, da shagon da kake sayayya, ya san abin da zai ishe shi ya tsara maka saƙon damfara da zai yi kama da gaskiya. Abba ya ce yana neman sirri. Da can kamfanin da ke ba shi intanet ne ke ganin wannan jerin, kamfani mai rajista da ofis da dokar da ke kansa. Yanzu an ɗauke jerin an miƙa wa wanda ko ƙasar da yake ba a sani ba. Wannan ba ƙarin sirri ba ne.

Na biyu, har yanzu akwai shafukan da ba a rufe suke ba, kuma a kansu mai furoksi na iya cusa talla, ko ya musanya fayil ɗin da kake saukewa da wani. Na uku, kuma shi ne ya fi cin mutane: akwai nau'in da ba a saiti ake sa shi ba, shafi ne da za ka shiga ka rubuta adireshin da kake so a cikin wani akwati, ya buɗe maka. A wannan nau'in makullin da kake gani a saman burauza na shafin furoksin ne. Shi ne yake buɗe shafin na gaskiya a madadinka, saboda haka duk abin da ka rubuta, har kalmar sirri, a fili yake ganinsa.

Ɗalibin Kwamfuta: Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma a kan na saiti ina nan kan bakana: hatsarinsa ga sirri ne, ba ga kuɗin da ke asusu ba, matuƙar mutum bai tsallake gargaɗin burauza ba.

Malama Mai Koyarwa: Wannan "matuƙar" ɗin naka shi ne gaba ɗayan matsalar, ɗana. Ina koyar da manya amfani da kwamfuta, kuma na ga yadda hannu ke saurin danna "ci gaba" idan gargaɗi ya tare hanya. Mai furoksin da ke son karanta abin da ke cikin HTTPS hanya ɗaya gare shi: ya miƙa wa burauza takardar shaida ta bogi da sunan bankin. Burauza za ta yi ja ta ce kada ka shiga. Mai gaggawa zai tsallake. Wani kuma tun farko za a ce masa sai ya girka wata takardar shaida a na'urarsa kafin furoksin ya yi aiki, shi kuma ya girka, daga ranar gargaɗin ma ba zai ƙara fitowa ba. Ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 an gano wasu kwamfutocin Lenovo sun zo da manhajar Superfish wadda ke yin irin wannan aikin don cusa talla, kuma makullin takardar iri ɗaya ne a dukkan kwamfutocin, wanda ya fasa shi sau ɗaya ya samu hanyar shiga tsakanin kowa da bankinsa. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasar su girka tata takardar, sai da Mozilla da Google da Apple suka toshe ta a burauzocinsu. Abban Yara, duk wanda ya ce ka girka takardar shaida don intanet ya yi maka aiki a gidanka, ka ce a'a.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Yarana, ku bar ni in sa baki a maganar sauri, domin yaron Abba bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mu da muka yi amfani da Opera Mini a ƙananan wayoyi mun shaida. Shafin da ke cinye data ya ƙi buɗewa a wata burauzar, a can nan da nan yake fitowa. Kuma an ce mana furoksi ne ke yin wannan aikin. To me ya canza?

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa. Opera Mini, wadda ta fito a 2005, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin, su matse hotuna, su sauƙaƙa tsarin, su turo maka ɗan abin da ya rage. Chrome ma ta yi irin wannan tsarin na rage data a Android, sai ta cire shi a 2022. Haka a ofisoshi da makarantu an daɗe ana girka furoksin Squid, wanda ke nan tun 1996, yana ajiye kwafin abin da mutum na farko ya sauke, na biyu idan ya nema sai a ba shi daga cikin gida ba tare da an fita waje ba. A zamanin da layi ke da tsada kuma shafuka a buɗe suke zuwa, wannan ya yi amfani ƙwarai.

Abin da ya canza shi ne rufewar. Furoksin da ba ya ganin abin da ke cikin saƙo ba zai iya matse shi ba, ba zai iya ajiye kwafinsa ba. Sai dai ya wuce da shi yadda ya zo. Ga shi kuma ya ƙara wa tafiyar zango: maimakon daga gidanka zuwa shafin, yanzu sai an bi ta wata nahiya a dawo. Manyan shafuka sun riga sun ajiye kwafin kayansu a kwamfutocin da ke kusa da masu amfani, kuma da adireshinka suke gane wadda ta fi kusa da kai. Ka sa furoksin da ke nesa, sai a riƙa ba ka daga wadda ke kusa da shi. Ƙari a kan haka, ɗaruruwan mutane ne ke cunkushe a kan furoksin kyauta guda. Bututun da kamfaninka ya ba ka kuma bai ƙara faɗi ba. Idan intanet na jan ƙafa a gida, a fara duba inda aka ajiye rauta, da ko Wi-Fi ɗin yana kan zangon 2.4 GHz ko na 5 GHz, da na'urar da ke sauke sabuntawa a ɓoye.

Ɗalibin Kwamfuta: Akwai wuri ɗaya da ajiyar kwafi ke aiki har yau. Idan gida na da kwamfutoci da yawa masu tsarin Linux na Debian ko Ubuntu, manhajar apt-cacher-ng na sauke sabuntawa sau ɗaya ya raba wa sauran. Masu wasannin Steam ma suna da LanCache. Amma na san ba wannan ne halin gidan Abba ba.

Mai Gyaran Waya: Ni ta ɓangaren waya zan yi magana. Mutane na kawo mini waya su ce intanet ya ɗauke a Wi-Fi amma data na yi. In na shiga saitin Wi-Fi ɗin sai in tarar an rubuta furoksi da hannu, furoksin kuma ya mutu tuntuni, domin na kyauta ba sa daɗewa. Sannan abin da yawanci ba su sani ba: a Android wannan saitin na wannan Wi-Fi ɗin ne kaɗai, kuma wayar da kanta tana rubuta maka cewa burauza ce za ta bi shi, sauran manhajoji ba lallai ba ne. Mutum na zaune yana ganin ya ɓuya, alhali rabin manhajojinsa da adireshinsa na gaskiya suke fita. A kwamfuta ma Chrome saitin Windows take bi, Firefox kuma tana da nata daban.

Injiniya: Haka ne Malam. Ko a cikin burauzar ma akwai ɓaraka biyu. Ta farko neman adireshin shafi, wato DNS: idan furoksi nau'in SOCKS5 aka sa a Firefox, a tabbatar an kunna zaɓin da ke tura wannan tambayar ta cikin furoksin, in ba haka ba kamfanin intanet na ganin sunan kowane shafi kamar yadda ya saba. Ta biyu WebRTC, fasahar kiran murya da bidiyo a burauza, wadda ke iya bayyana adireshinka na gaskiya ga shafin. Wasu furoksin ma da kansu suke tona ka, suna rubuta adireshinka a wani layi mai suna X-Forwarded-For su miƙa wa shafin. Kuma in ka shiga asusunka na Google ko Facebook, ai ka faɗi sunanka da bakinka, ko ta ina ka biyo.

Maman 'Yan Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta ɗan bambanta. Ƙanwata ta nuna mini wata manhaja, wai kana girka ta, ta riƙa amfani da intanet ɗin da ba ka amfani da shi, su biya ka ɗan wani abu. Ta ce ba ta taɓa hotunanka ko saƙonninka. Tun da namu na gida ba ya ƙarewa kafin wata, na ce ko in gwada. Wannan ma furoksi ne?

Injiniya: Hajiya, na ji daɗi da kika kawo wannan, domin a wurina ya fi duk abin da muka tattauna muhimmanci. E, furoksi ne, sai dai an juya shi. A tambayar Abba, shi ne ke bi ta kwamfutar wani. A taki, gidanki ne zai zama hanyar da baƙi za su bi. Duk abin da suka yi, shafin da suka je adireshin gidanki zai gani.

Dalilin da ya sa ake biya shi ne adireshin gida na da daraja. Shafuka sun san adireshin manyan cibiyoyin ajiye kwamfutoci, suna zarginsu, suna toshe su. Amma adireshin da kamfanin intanet ya ba wa magidanci ana ɗaukarsa na mutum ne na gaske. To akwai kasuwa guda ta sayar da irin wannan. Wasu masu sayen kwatanta farashi suke yi ko duba tallace-tallacensu a ƙasashe daban-daban. Wasu kuma gwada kalmomin sirrin da aka sato suke yi a asusun mutane, ko sayayya da katin sata, ko buɗe asusun bogi. Ke ba ki da hanyar tantance wanda ke wucewa a daren yau.

Ba zato nake yi ba. A 2015 aka bankaɗo cewa Hola, wadda miliyoyin mutane suka girka a matsayin VPN na kyauta (manhajar da ke tura intanet ɗinka ta wata kwamfuta don ɓoye adireshinka), tana sayar da layin masu amfani da ita ta wani reshe mai suna Luminati, bayan an yi amfani da shi an kai wa wani shafi hari. A watan Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da rushe 911 S5, wadda ta tara adireshi fiye da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, kuma ta hanyar manhajojin VPN na kyauta irin su MaskVPN da DewVPN aka shigar da ita kwamfutocin mutane. An kama wanda ake zargi da jagorantarta a Singafo. Masu gidajen nan ba su san komai ba, amma da adireshinsu aka yi damfara. A 2025 kuma FBI ta yi gargaɗi a kan BADBOX 2.0, inda wasu akwatunan talabijin masu Android marasa sanannen suna ke zuwa da irin wannan manhajar, wasu tun kafin a sayar da su.

Ɗan Kasuwar Intanet: Injiniya ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Waɗanda ka lissafa yaudara aka yi musu ko kutse. Wadda Hajiya ke magana kuwa a fili suka ce ga abin da za su yi, ka karanta ka amince, su biya ka. Layin nawa ne, ni na biya kuɗinsa. In na ga dama in ba da hayar abin da ya rage, laifin me na yi? Kamfanonin kuma suna cewa suna tantance abokan cinikinsu.

Injiniya: Na yarda akwai bambanci tsakanin wanda ya nemi izini da wanda ya shigo ta taga, kuma ban ce ka yi laifi ba. Amma amincewarka ba ta canza adireshin da zai fito a rajistar wanda aka cuta. Idan aka bi sawu, kamfanin intanet sunan mai layi zai bayar, kai ne za ka yi bayanin cewa ba kai ba ne. Tantancewar da suke cewa suna yi, kai ba ka da ikon dubawa. Tun kafin a kai ga hukuma ma akwai ƙananan wahalhalu: shafuka su fara tare ka da gwajin "tabbatar kai mutum ne" a kowane shiga, wasu su ƙi buɗewa sam, banki ya riƙe cinikinka domin adireshin ya shiga jerin waɗanda ake zargi. Sannan ka duba yarjejeniyarka da kamfanin da ke ba ka intanet, da yawansu sun hana sake sayar da layin gida.

Ɗan Kasuwar Intanet: Maganar yarjejeniya zan duba. Amma ban gamsu cewa hatsarin ya kai yadda ake zuzuta shi ba.

Malama Mai Koyarwa: Malam, layin naka ne, amma ba kai kaɗai ke kansa ba. Matarka da yaranka da baƙon da ka ba kalmar sirrin Wi-Fi duk da adireshin nan suke fita. Ka nemi izininsu? Kuma manhajar a cikin gidan take zaune, kusa da kyamara da firinta da rautar kanta. Idan aka yi sakaci wajen rubuta ta, mai wucewa zai iya neman adireshin cikin gida irin su 192.168.1.1 ya leƙa. Hajiya, ni dai ba zan ba ki shawarar ki girka ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Malama, na fasa. Zan kuma tura wa ƙanwata wannan zaren ta karanta da kanta.

Abban Yara: Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Jerin nan an ajiye shi. Saura maganar yara, ita ce har yanzu ban ji mafita ba.

Injiniya: A nan ne furoksi zai iya yin amfani na gaskiya, domin naka ne, a cikin gidanka. Tsohuwar kwamfuta ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ta isa. Ka girka Squid, ka rubuta sunayen shafukan da aka hana ko waɗanda aka yarda da su kaɗai, ka sa lokutan da aka yarda a shiga, sannan a rauta ka hana na'urorin yara fita waje sai ta cikinsa. Ko da shafin HTTPS ne, sunansa na bayyana, saboda haka ana iya toshe shi gaba ɗaya. Za ka kuma samu rajistar inda aka shiga.

Malama Mai Koyarwa: Injiniya, nan kam ba mu tare. Abba bai ce mana shi ma'aikacin sadarwa ba ne. Ranar da Squid ya tsaya yana wurin aiki, gida duka ya rasa intanet, wa zai gyara? Kuma idan ka tilasta komai ya bi ta furoksin HTTP, kiran bidiyo da wasanni da duk abin da ke tafiya a kan UDP, hanyar aika data da irin wannan furoksin ba ya ɗauka, za su fara tangarɗa, talabijin ma wasu ba su da wurin sa furoksi. Akwai hanya mai sauƙi. Ya shiga rauta ya canza DNS zuwa na iyali: 1.1.1.3 na Cloudflare yana toshe shafukan batsa da na cutarwa, ko 208.67.222.123 na OpenDNS. Minti biyar, kuma ya shafi kowace na'ura da ke kan Wi-Fi. In yana son iko fiye da haka ya girka Pi-hole, manhajar toshe shafuka ta hanyar DNS a cikin gida. A wayoyin yaran kuma ya sa tsarin kula da yara na Family Link a Android ko Screen Time a iPhone, domin su ne ke bin yaro ko ya fita daga Wi-Fi ɗin gida ya kunna data.

Injiniya: Sauƙin na yarda da shi. Amma DNS yaro mai wayo zai tsallake shi cikin minti ɗaya. Tun daga Android 9 akwai saitin DNS na sirri a cikin wayar, Firefox da Chrome ma suna da nasu a rufe, ba sa tambayar rauta.

Malama Mai Koyarwa: Yaron da ya iya wannan zai iya kashe Wi-Fi ya kunna data, furoksinka bai gan shi ba. Dukkanmu shinge muke yi wa ƙanana don kada su faɗa bisa kuskure. Manyan kuwa sai zama da magana. Abin da nake roƙo kawai, kada wani ya ba Abba shawarar ya buɗe HTTPS na iyalinsa da takardar shaida ta gida don ya ga abin da ke ciki. Manhajojin banki da yawa za su ƙi aiki domin sun san takardar da suke jira, tun daga Android 7 kuma manhajoji ba sa amincewa da takardar da mai waya ya girka sai in an rubuta su don haka. Kuma ka tara saƙonnin matarka da 'ya'yanka a akwati ɗaya, wanda ya shiga akwatin ya kwashe duka.

Injiniya: A kan wannan bakinmu ɗaya, ban taɓa ba magidanci wannan shawarar ba. Abba, fara da abin da Malama ta ce. In ka ga bai isa ba, ka dawo mu yi maganar Squid.

Ɗalibin Kwamfuta: Tun da an zo nan, ni ina son akasin haka. Ina so in girka furoksi a gida don in riƙa bi ta cikinsa idan ina kan Wi-Fi na waje da ban yarda da shi ba. In buɗe ƙofa ta 3128 a rauta ya isa?

Injiniya: Kada ka yi haka ƙanena. Akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne zagaye adireshin duniya suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofin, shafin Shodan, mai neman na'urorin da ke kan intanet, ma a fili yake jera abin da ya samu. Furoksin da aka buɗe babu kalmar sirri ba ya daɗewa kafin ya shiga irin jerin da ɗan Abba ya kawo, ta haka ake samun da yawansu. Ko ka sa kalmar sirri, tsakaninka da furoksin HTTP na yau da kullum ba a rufe yake ba, SOCKS5 ma haka, suna da kalmar sirri a fili suke tafiya. Abin da kake so SSH, tsarin shiga wata kwamfuta daga nesa a rufe, ya riga ya yi shi: umarnin ssh -D 1080 zai buɗe maka SOCKS a kan kwamfutarka, a 127.0.0.1, ya tura komai a rufe zuwa gida. Ka yi amfani da makulli, ka kashe shiga da kalmar sirri. In kana son dukkan manhajoji su bi, har da na waya, VPN ɗin WireGuard ya fi dacewa, yana cikin Linux tun sigar 5.6 a 2020, rautoci da yawa ma suna zuwa da shi.

Amma kafin ka wahalar da kanka, duba adireshin da rautarka ta samu daga kamfani. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nuna maka, to kana bayan CGNAT, wato kai da gidaje da yawa kuke raba adireshi ɗaya, kuma babu ƙofar da za ka buɗe a iso ka daga waje. Layukan da ke amfani da katin waya galibi haka suke.

Ɗalibin Kwamfuta: Na duba yanzu, 100.72 ya fara. Ke nan babu hanya?

Injiniya: Akwai. Ka tambayi kamfanin ko suna ba da adireshi na kanka, ko ka duba ko layin na da IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, domin da shi ba a buƙatar wannan rabon. In duka babu, sai kwamfutar gida ta zama ita ce ke fita ta kama wata a waje: ka yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kan intanet kullum, mai adireshinta ka haɗa su da WireGuard, ko ka yi amfani da VPN ɗin Tailscale wanda ke ratsa CGNAT da kansa, ka naɗa kwamfutar gida a matsayin mafita. Turo mini samfurin rautarka in ga wanne za ta iya ɗauka.

Mai Gyaran Waya: Injiniya in kun gama ku sa matakan a nan cikin zaure, kada ku tafi da su akwatin sirri. Masu kyamarar tsaro a gida na yawan tambayata yadda za su kalla daga nesa ba tare da sun buɗe ƙofa a rauta ba, kuma ina ganin hanyar ɗaya ce.